Ƙyallen Likkafani a Jikin Magarya

Mahaifiyata ce mai yi wa mata wankan gawa a unguwarmu, a Gumel. Na tashi na tarar tana yi, ban taɓa jin ta kira abin sana'a ba, ba ta kuma taɓa karɓar ko goro a kansa ba. In mace ta rasu, kafin labari ya kai ga liman an riga an turo gidanmu. Inna ba ta tambayar wace ce sai ta gama gyara ɗaurin zaninta. Daga nan ta ɗauki 'yar ƙwaryarta ta bi lungu zuwa bayan unguwa, bakin kududdufi, inda wata tsohuwar magarya take. Ta tsinko ganye, ta dawo ta kirɓa shi a wani ɗan turmi da ba a daka komai a cikinsa sai shi, ta zuba a ruwa ta kaɗa da hannu har ya yi kumfa. Da wannan ruwan take wanke mamaciya, sannan ta bi da na kafur. Da ganyen bishiyar nan ta wanke uwar da ta haife ta, da shi ta wanke matan unguwa da Allah kaɗai ya san yawansu.

Tana da wata magana da na tsana. Tun da mijina ya rasu na dawo gida wurinta, duk ranar da ta dawo daga wanka, tana ɗauraye turmin, sai ta ce mini ni zan wanke ta, kuma da ganyen magaryar bakin kududdufi, ba na wani wuri ba. In ce Inna don Allah ki bar wannan zancen, ana zaune lafiya. Ta ce ai shi ya sa take faɗa ana zaune lafiya. Ba ta da gona, ba ta da zinariya, ba ta bar wa kowa wasiyyar komai ba sai wannan.

Kududdufin nan daga cikinsa kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina unguwar. Da damina ya cika ya batse, da rani ya janye ya bar laka. Ba zan yi ƙarya in ce wuri ne mai kyan gani ba. Gefensa na wajen titi juji ne, leda kuwa har kan rassa. Amma a duk ɓangarenmu na gari nan ne kaɗai itatuwan ƙasarmu suka rage. Ga magarya, ga aduwa, ga tsamiya, ga wata kanya da ba a taɓa bari ta nuna ba, ga gawo can ƙarshe, mai zubar da ganye lokacin da kowa yake fitarwa. Sauran gari duk darbejiya ce. Ni ba ni da faɗa da darbejiya, inuwa ce, Allah ya saka wa wanda ya kawo ta. Sai dai ba a dama kunu da ita, ba a cin 'ya'yanta, akuya ma sai ta rasa yadda za ta yi take kai mata baki. Gawa kuwa ba a wanke ta da ita.

Akwai wani Alhaji, haifaffen unguwar, mai manyan motoci da suke ɗauko dabbobi da hatsi daga kasuwar Maigatari. Allah ya buɗa masa, motoci suka yi masa yawa, ya rasa wurin ajiye su. Muka fara jin ƙishin-ƙishin wai ya mallaki filin bakin kududdufi, zai cike ramin ya yi gareji da jerin shaguna. Muka ɗauka zancen majalisa ne. Wa zai sayi rami?

Ranar da aka yi abin ina makarantar firamaren da nake koyarwa, mazan unguwa yawanci sun tafi kasuwa. Tun daga aji nake jin kukan injin yankan itace, ban kawo komai a raina ba. Da na taso na shigo lungunmu sai na ga haske inda ba a saba ganin haske ba. Babu kanya, babu tsamiya, babu aduwa. Gawon an kwantar da shi ana gunduwa-gunduwa da shi. Magaryar Inna kuwa kututture ne ya rage, ko gwiwata bai kai ba. Itacen kirki an loda a mota za a kai wa masu gidan burodi, ƙayar an watsar a nan don babu mai sonta. Na tarar da Inna zaune a bakin ƙofa. Ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi ta zage-zage har maƙwabta suka fito.

Ba a jima ba wata tsohuwa ta rasu a bayanmu, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata. Aka turo. Inna ta gyara zani, ta ɗauki ƙwarya, ta kai har zaure sannan ta tuna. Ina kallonta ta tsaya cak da ƙwaryar a hannu. Muka roƙi wani ɗan acaɓa ya bi hanyar Gagarawa ko zai samo ganye a gonaki, amma gawa ba ta jira, maza sun cika ƙofar gida ana ta aikowa a yi sauri rana tana yi. Haka Inna ta yi wankan da sabulu. Ta san ya halatta, ba sai wani ya gaya mata ba. Amma da ta dawo ko tuwo ba ta kalla ba. Can da la'asar ta ce, "Yau na wanke aminiyata da sabulu, kamar kwano." Ɗan acaɓar ya iso da ganyen an riga an dawo daga maƙabarta.

Washegari na yafa mayafi na nufi gidan mai unguwa. Ya saurare ni har na gama, ya ce Alhaji yana da takardunsa, a yi haƙuri. Na ce ranka ya daɗe, haƙurin nan in an kirɓa shi yana kumfa? Ya haɗe rai. Na wuce gidan Alhaji. Shi kuma da fara'a ya tarbe ni, Malama kaza, Malama kaza, har da sa a kawo mini lemo. Ya ce in kwantar da hankalina, in an gama shaguna zai jera darbejiya a gabansu, wuri zai fi da kyau. Ganye kuwa, in dai ganye ne, zai sa direbobinsa su riƙa tsinko wa Inna buhu-buhu daga daji. Kai, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na bar masa lemonsa a inda aka ajiye.

Buhun kuwa ya zo. Inna ta karɓa, don matan unguwa ba za su daina mutuwa ba, ta shanya tana amfani da shi. Amma ta ce mini ban da ita. In ranarta ta zo babu ganyen bishiyarta, in wanke ta da ruwa zalla, kada in kuskura in sa mata ganyen sadakar wanda ya sare ta. Tun daga nan na ga ta fara ramewa.

Alhaji ya fara zuba ƙasa ta wajen titi, sai damina ta tsayar da shi. Wata tifa ta kafe a laka, da ƙyar aka fitar da ita, aka ɗage aikin sai ƙasa ta bushe. A cikin wannan daminar Gwaggo ta zo, ƙanwar mahaifina da take aure a wani ƙauye cikin Nijar, gaba da Maigatari. Mace ce da ba ta iya zama wuri ɗaya ba. Da ta ji labari ta ce a kai ta ta gani. Muka je, ni da ita da Inna tana dogara sanda. Gwaggo ta sa ƙafa ta ture ledoji da ƙaya daga jikin kututturen, sai ta fashe da dariya, ta ce wa muke yi wa zaman makoki? Ga tofo nan ya kewaye kututturen, kore shar, ya yi cunkus kamar gashin da ba a taje ba.

Kowa ya san magarya ba ta mutuwa da gatari, abin da ya sa manoma suke tsine mata ke nan. Baƙin ciki ne ya hana mu zuwa mu duba. Abin da Gwaggo ta ƙara mana shi ne yadda suke yi a gonakinsu na can. Ta ce in aka bar tofon duka, kurmi zai yi, ba zai zama bishiya ba. Sai a zaɓi mafiya ƙarfi, 'yan kaɗan, a yanke sauran, a rage musu rassan ƙasa, a kafa sanda a ɗaure su kada iska ta karya. Saiwar tsohuwar bishiya tana nan a ƙasa da ranta, ita za ta shayar da su, babu dashen da aka raino a leda da zai kamo su. Muka zaga wurin. Aduwa ta tofo, gawo ya tofo, har da kalgo da sabara da ban san suna nan ba. Kanya da tsamiya suna ƙarƙashin ƙasar da Alhaji ya zuba, su kam sun tafi.

A ranar na bi gida-gida. Ban kira taro ba, ban nemi izinin kowa ba, don na san in na nema za a ce a jira. Na ce wa mata, duk wadda take son a wanke ta da magarya ta fito gobe da hantsi da tsintsiya da wuƙa. Wasu mazan suka hana, suka ce fili na mai shi ne. Amma tsofaffi da zawarawa babu mai hana mu fita, masu aure kuma suka miƙo lauje da kwando ta kan katanga. Muka kwashe shara, muka rage tofo yadda Gwaggo ta nuna. Ƙayar da masu inji suka watsar muka jawo, muka yi wa kowane kututture shinge da ita saboda awaki. Kowane gida ya ɗauki kututturensa, shi zai kula da shi. Magarya kam ba a ma tambayi ta wace ce ba.

Sai aka zo ɗauri, babu igiya. Wata ta ce a yi da leda, Gwaggo ta ce leda tana shaƙe reshe in ya yi kauri, a samo tsumma mai laushi. Inna ta koma gida ta dawo da wani ƙunshi da na sani a ƙarƙashin gadonta. In ana shirya likkafani, akan yagi siraran ƙyallaye daga gefen yadin don ɗaure gawa ta kai da tsakiya da ƙafa, kuma kusan kullum sai an sami ragowa. Masu gida ba sa son ganinta, Inna kuma ba ta iya jefa ta a juji ba. Haka ta yi ta tarawa shekara da shekaru. Ta kwance ƙunshin ta zaro ɗaya, fari tas, ta ɗaure tofon magaryarta a jikin sanda. Mata suka yi cirko-cirko. Inna ta ce yadi ne, ba ya cizo. Wata bazawara mai ƙarfin hali ta fara miƙa hannu, saura suka bi. Kafin azahar bakin kududdufi ya cika da fararen ƙyallaye iska tana kaɗa su. Allah shi ne shaida, babu abin da yake ranmu sai iska da awaki.

Da kaka ta yi, ƙasa ta bushe, Alhaji ya turo leburori da diga da gatari da galan ɗin fetur, a tone kututturan a ƙone. Aka rugo aka gaya mini. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba, na shirya a yi wadda za a yi. Ina zuwa na tarar da ƙartin maza a tsaye nesa da shinge, kowa ya jingina da digarsa. Babbansu ɗan gari ne, ya sha ɗaukar makara. Ya dubi ƙyallen, ya ga yagagge ne ba yankan almakashi ba, ya ga irin yadin, ya tambaya wa ya ɗaura, aka ce masa mai wankan gawa. Shi ke nan. Ya ce shi yana da iyali, ya saɓa digarsa, saura suka bi bayansa. Ni da na zo faɗa ban sami ko wanda zan harara ba.

Kafin magariba labari ya gama gari, wai tsohuwa ta ɗaure wuri da likkafani, duk wanda ya sari reshe shi za a naɗe a gaba. Alhaji ya aika aka ɗebo wasu leburorin daga wajen Sule Tankarkar, waɗanda ba su san komai ba. Kuskuren da aka yi shi ne barinsu su tsaya shan shayi a bakin titi. Mai shayi ya ba su labarin har da ƙari. Ko bakin ruwan ba su ƙarasa ba. A tsakanin nan wata motar Alhaji ta lalace a hanya, abin da motoci suke yi kullum, amma gari ya ce ka gani ko. Mata suna jawo ni gefe suna tambayata ko gaskiya ne. Na ce ni malamar makaranta ce, ban san komai ba sai alli. Ban ce eh ba, ban kuwa ga dalilin da zai sa in yi wa Alhaji aikin cewa a'a ba.

Dariyar ba ta daɗe ba. Maganar ta juye ta zama wai Inna tana asiri, har wani gida da aka yi rasuwa suka tsallake ta suka kira wata daga wata unguwa. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai, ni ma ya ƙona mini. Sai ga saƙo daga mai unguwa, ana nemanta. Na ce ƙafata ƙafarta.

A zauren muka tarar da liman, da wasu dattawa, da Alhaji a gefe yana danna waya. Liman mutum ne mai adalci, ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya gaishe ta da girmamawa, ya kira ta Iya, ya tambaye ta tsakaninta da Allah ko ta tofa wani abu a ƙyallayen nan, ko ta binne wani abu a wurin. Ta ce ban da bismilla babu abin da ta karanta. Ta ba su labarin iska da leda da Gwaggo. Liman ya gyaɗa kai ya ce ya gamsu. Sai mai unguwa ya ce to tunda haka ne a kashe fitina, ta je ta kwance su da hannunta kowa ya gani, ma'aikata su yi aikinsu.

Na buɗe baki, Inna ta dafa gwiwata.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "ban ɗaura don in tsorata kowa ba, ba kuwa zan kwance don in kwantar wa kowa da hankali ba. Hanya a buɗe take. Mai son kwancewa ya je ya kwance."

Sannan ta juya wajen Alhaji. Ba ta ce masa Alhaji ba, ta kira shi da sunan da uwarsa take kiransa tun yana yawo ba wando. Ya ajiye wayar.

"Ni na wanke mahaifiyarka, da ganyen bishiyar da ka sa aka sare. Ragowar likkafaninta tana cikin ƙyallayen can. Ban san wanne ne ba. Kai ka je ka duba."

Alhaji ya sunkuyar da kai, ya cire hula ya mayar, ya tashi ya sa takalmi ya fita ko sallama babu. Ni kuwa daɗi ne ya kama ni har cikin ƙashina, ban kuma ɓoye ba.

Kada wani ya ɗauka Alhaji ya tuba ya zo ya ba mu fili. Ina! Shagunansa ya gina su tsaf a wajen titi, daidai inda kanya da tsamiya suke, motocinsa suna nan suna zubar mana da baƙin mai. Abin da ya yi kawai, bai ƙara turo kowa bakin ruwa ba. Bai ce ya bari ba, bai ce bai bari ba, takardunsa suna gidansa har gobe. Liman ya yi wa'azi ya ce ƙyalle ƙyalle ne, ba ya kisa ba ya rayawa, duk wanda ya ce Iya tana asiri ya je ya nemi gafararta. Mutane suka ce gaskiya ne, Allah ya gafarta malam, suka ci gaba da kiran Inna wanka. Amma ko ɗayansu bai je ya taɓa ƙyallen ba.

Maza sun shigo ne da daminar da ta biyo baya, lokacin da ruwa ya zo ya tarar an cinye masa gefen mazauninsa, ya juyo cikin lungu ya kwantar da katangu. Nan waɗanda suka hana matansu fita suka gane ramin yana da aiki. Suka zo da shebur suna muzurai, sai ka ce su suka fara. Iyakaci na nuna musu inda za su yashe. Aka yanke a masallaci babu mai ƙara zuba shara a wurin. 'Yan adaidaitan unguwa suka riƙa sauke mana jarkokin ruwa da rani. Wani dattijo ya riƙa kawo takin turken awakinsa, mai 'ya'yan gawo a ciki, muna binnewa suna tsirowa. Wani ya kawo kurna daga gonarsa. Wata tsohuwa ta binne ƙwallon goriba, ta ce ko jikokinta sa ci.

Faɗa kuwa na sha shi. Na yi da masu awaki, na yi da masu ɗebo yashi, na yi da maƙwabciyata ta jikin katanga da na kama ta ɓalle reshen aduwa za ta hura wuta. Mun daɗe ba ma gaisawa. Aka sa mini suna uwar kududdufi don a ba ni haushi. Na ce na karɓa, Allah ya raya.

Abin da ban zata ba shi ne masu dawowa ba a kira su ba. Kurciya ce ta fara, sai balbela, sai tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa a ƙarshen reshe suka cika wurin da surutu. Wata safiya na ga bushiya tana ratsa shinge. Da na gaya wa Inna ta ce rabonta da jin an ga bushiya a cikin gari tun tana goyona.

Magarya ta yi abin da Gwaggo ta ce. Ta wuce ƙugu, ta wuce kaina, ta yi rassa. Amma tana hawa Inna tana sauka. Ta daina zuwa bakin ruwa, ta daina fita wanka sai da ni, tana zaune a gefe tana gaya mini inda zan fara da inda zan bi. Ni da nake gudun ko taɓa turmin nan, sai ga ni na iya. Kullum in na dawo daga bakin kududdufi tambayarta ɗaya ce, ya ganye? Tsorona a lokacin ba Alhaji ba ne. Magarya tana kaɗe ganyenta in zafin bazara ya tsananta, sai na riƙa roƙon Allah kada ya ɗauki Inna a irin wannan lokacin. Shekarar da bishiyar ta fara 'ya'ya na kawo mata a tafin hannu. Ba ta da haƙorin ci, ta sa ɗaya a baki ta tsotsa, ta ce ita ce, ba ta sake ba.

Da kaka ta rasu, da hantsi, mutane suna tsakiyar girbi. Na rufe mata ido, na gyara ɗaurin zanina, na ɗauki ƙwaryar. Ina fita lungu na tarar matan unguwa sun riga ni bakin kududdufi, sun kewaye bishiyar a tsaye, babu wadda ta tsinki ko ganye ɗaya. Ni suke jira. Ganyen ya yi luf-luf. Ƙaya ta yage mini bayan hannu, sai daga baya na gani. Na cika ƙwarya na dawo, na kirɓa a turminta, na kaɗa, ruwan ya yi kumfa, ƙamshin ɗanyen ganye ya cika ɗakin. A nan ne kuka ya ci ƙarfina, matan suka jira ni har na gama. Na wanke uwata yadda ta ce, da abin da ta ce.

Da aka ɗaure likkafani, ƙyalle ɗaya ya rage. Ban sa shi a ƙunshi ba. Bayan an share makoki na je na ɗaura shi a babban reshe, duk da yanzu bishiyar ba ta buƙatar sanda.

Alhaji ya tsufa, 'ya'yansa ne a kan motocin, su kuwa gareji ya yi musu kaɗan. Kwanakin baya aka ce mini ga wasu mutane can da igiyar awo da turakun ƙarfe suna zagaya bakin ruwa. Ban je gidan mai unguwa ba wannan karon. Na ɗauki tabarma da ƙunshin Inna na je na zauna a gindin magarya. Ban aika wa kowa ba, amma kafin su gama auna wajen titi mata sun fara fitowa, kowacce da tabarmarta, kowacce ta nufi bishiyar gidansu. Har da maƙwabciyata mai ɓalle aduwa. Babban masu awon ya ƙaraso, mai ladabi ne, ya rusuna ya gaishe ni, ya nuna reshen ya ce Hajiya wannan ƙyallen fa na mene ne.

"Likkafanin uwata ne," na ce masa. "In kana da hannun kwance shi, bismilla."

Ya dubi ƙyallen, ya dubi matan, ya ce shi awo kawai aka aiko shi. Suka kafa turakunsu a bayan shinge suka tafi. Za su dawo, na sani, mu ma kuwa ba ƙaura za mu yi ba.

Da na koma gida na tarar 'yata ta zo daga gidan mijinta. Na ɗauko ɗan turmin na ajiye a gabanta, na ce ita za ta wanke ni, kuma da ganyen magaryar bakin kududdufi, ba na wani wuri ba. Ta ɓata rai, ta ce Umma don Allah ki bar wannan zancen, ana zaune lafiya. Na ce ai shi ya sa nake faɗa.